Wutar cek ta wata huɗu, da garejin da aka yi wa motata hayaƙi a Kurmin Mashi

Sai da na zubar da naira dubu 143 a wurare uku kafin na je inda ya kamata in fara zuwa. Tun da motar ta warware, kullum a bakin makaranta sai wani direban ya tare ni: "Malam, ina ka kai ta ta daina rawar nan?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, da daɗin wurin da rashin daɗinsa duka.

Motata Sienna ce ƙirar 2005, mai silinda shida, injin lita 3.3. 'Yar Amurka ce, ta Kwatano ta shigo, ni ne hannu na biyu a nan gida. Tun da na ajiye alli ita ce gonata. Da safe in kwashi 'yan makaranta daga Unguwar Dosa da Kawo a nan Kaduna, da rana in mayar da su, ranar Asabar in an samu shatar biki zuwa Zariya a tafi.

A tsakiyar hunturun da ya wuce wutar cek, wato wutar gargaɗin injin da ke dashbod, ta kama. Masu Toyota sun san ba ta zuwa ita kaɗai, sai ta jawo wutocin VSC da TRAC OFF, dashbod ya koma kamar gidan biki. Da farko ban damu ba, don mota na tafiya. Bayan kwana goma sai silo, wato aikin injin in mota na tsaye ba a taka totur ba, ya lalace. In na tsaya a cunkoson Kawo da giya a ciki, sitiyari ya riƙa kakkarwa a hannuna, allurar injin ta faɗi ta tashi, ta faɗi ta tashi. Sau biyu ta mutu mini da yara tara a ciki, 'yan Keke na ta danna mini oda. Amma abin mamaki, a kan titin Zariya, da zarar na wuce Rigachikun na ba ta wuta, lafiya lau take, ko tari babu. Ku riƙe wannan, don ashe nan maganar take, kuma cikin mutum uku da suka taɓa motar babu wanda ya tambaye ni.

Na fara da makanikena na shekara goma sha ɗaya. Mutumin kirki ne, a aikin ƙafa da birki ban ga na biyunsa ba. Ya kasa kunne ya ce fulogi ne. To injin nan a gicciye yake, fulogi uku na gaba, uku na baya a ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, sai an ɗaga shi kafin hannu ya kai. Fulogi shida da kuɗin aiki, dubu 38. Na fito da mota ta fi da rawa.

Na biyu mai kwamfuta ne, irin masu yawo da ita a jaka. Ya jona, minti biyu bai cika ba ya ce, "Oksijin sensa ne, guda biyu." Dubu biyar na dubawa, dubu 60 na sensa biyu 'yan Beljiyam. Ya ɗaura, ya danna wani abu, wuta ta mutu. Har goro na ƙara masa. Kwana biyu, ina kan hanyar masallaci, ta dawo da ƙawayenta. Na uku ya ce famfon mai ne ya gaji, dubu 40. Shi ma dai kanwar ja ce. Daga nan wani direba ya ba ni shawarar in samu baƙin salatif in liƙe wutar in huta, ya ce tasa shekara biyu ke nan a liƙe.

Mahaifin wata ɗalibata, wanda ke lodin Abuja, shi ya yi mini kwatancen wannan garejin. Yana cikin Kurmin Mashi, in ka sauka daga titin Nnamdi Azikiwe ka shiga layin masu walda da fenti, can ƙurya. Kwantena ce ɗaya da rumfar kwano da ke ɗaukar mota biyu. Mai wurin saurayi ne da bai fi shekara talatin ba, da yara biyu. Ban ga abin da zai burge mutum ba, har na fara tunanin ko an sake turo ni wani ramin ne.

Abin da ya fara sauya mini ra'ayi, bai taɓa kwamfuta ba sai da ya yi mini tambayoyi kusan na kwata.

"Baba, yaushe take yi? Da sanyi ko in ta ɗau zafi?"

"In ta ɗau zafi ta fi yi."

"A tsaye ko a guje?"

"A tsaye. A guje kamar sabuwa."

Ya ɗago ya dube ni. "Kun gaya wa masu gyaran baya haka?"

Na ce ba su tambaya ba. Ya girgiza kai, ya ce in lissafa masa duk abin da aka canza, bi da bi, da kuma bayan wane aiki ne ta ƙara lalacewa.

Sannan ya durƙusa ya jona na'urarsa a soket ɗin nan mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Ya ce duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da shi, tsari ɗaya ne, OBD-II. Lamba biyu suka fito: P0171 da P0174. Ya juyo da allon wajena.

"Baba, ku malami ne, ku karanta. Ina sunan sensa a nan?"

Babu. Abin da lambobin ke cewa shi ne iska ta yi wa mai yawa, ta farko a layin silinda uku na baya, ta biyu a layin uku na gaba. Iyakar abin da suka faɗa ke nan. Ba su ce wane ne ya jawo ba. Ya ce sensa ɗan aike ne kawai, ya leƙa salansa ya ga abin da ya gani ya kai rahoto. "An zo an ce muku ɗakinku na yoyo, sai kuka kori wanda ya kawo labarin, kuka ɗauko wani. Shi ma ya zo ya ce ɗakin na yoyo." Ya ƙara da cewa da ma mutum ya tsaya ya yi tunani, da wuya sensa biyu a layi biyu daban su mutu rana ɗaya. In layi biyun suna kuka iri ɗaya, a nemi abin da suka yi tarayya a kai, wato hanyar iska ko hanyar mai.

Wannan bayanin ne ya sa nake ganin kuɗin dubawarsa halal ne, don haka bari in ɗan tsaya a kansa yadda na fahimta.

Injin fetur yana son awo: kashi 14.7 na iska, kashi ɗaya na mai, a nauyi. Ƙwaƙwalwar mota ba ta ganin iska, sai abin da aka gaya mata. A bakin akwatin filtar iska akwai wani sensa mai siririyar waya, aikinsa ƙirga iskar da ta wuce. Shi ne kwastan, in ji mai garejin. Duk iskar da ta bi ta gabansa an rubuta ta, an ware mata manta. Amma in tiyo ya tsage a bayansa, ko gasket ya saki, sai wata iskar ta shigo ta ɓarauniyar hanya, 'yar fasa-ƙwauri, ba a san da ita ba balle a ware mata mai. Sensan salansa ya ga iska ta yi rara, ya kai ƙara, ƙwaƙwalwa ta ƙara mai. Ya sake kai ƙara, ta sake ƙarawa. Ranar da ƙarin ya wuce iyakar da aka gindaya mata, sai ta kunna wuta. Na ce masa kwatancen ya dace da motar da ta shigo ta Kwatano. Bai yi dariya ba. Ba mai yawan dariya ba ne.

Wannan ƙarin man ana ganinsa a allo, kashi cikin ɗari, kuma shi ne abin da mai jakar nan bai buɗe ba. A mota mai lafiya lambar tana wasa kusa da sifili, in ta haura goma an fara zargi. Tawa a silo, da injin ya yi zafi, layin baya 27, na gaba 25. Sai ya ce da yaronsa ya taka totur ya riƙe allura a 2,500. Ina kallo da idona lambobin suka riƙa gangarowa, 19, 14, 10, suka tsaya wajen bakwai. Ya ce a saki. Suka koma sama.

"Kun gani? Iska take sha. Ba famfo ba ne."

Dalilin kuwa mai sauƙi ne in an yi maka shi. A silo bakin totur kusan a rufe yake, iskar halal kaɗan ce, injin kuma na zuƙa da ƙarfi, don haka 'yar ɓarakar nan kasonta babba ne. In aka ba ta wuta, iskar halal ta yi yawa har ta sata ta ɓace a ciki. Shi ya sa motata ke rawa a Kawo ta warke a Rigachikun. Da famfon mai ne ya gaji, ko nozul suka toshe, da akasin haka za a gani: a silo lafiya, in an nemi ƙarfi lambar ta tashi. Gwajin bai kai minti biyu ba. Na tuna dubu arba'in ɗina, na yi shiru.

Ya kuma nuna mini wani abin da ban taɓa sani ba. Lokacin da wuta ta kama, ƙwaƙwalwa na ajiye hoton halin da injin ke ciki a daidai wannan lokacin: zafinsa, jujjuyawarsa, gudun motar. Nawa ya nuna mota a tsaye, injin da zafi. Duk wanda ya goge lamba, ko ya cire kan batir don wuta ta mutu, ya goge wannan shaidar. Kuma mutuwar wutar ba warkewa ba ce, irin wannan lambar sai ƙwaƙwalwa ta ga laifin a tafiya biyu a jere take sake kunnawa. Kwana biyun da na yi ina murna ke nan.

Sanin iska take sha daban, sanin ta ina daban. Na taɓa ganin masu fesa fetur ko man wankin kafireto a kan tiyo injin na aiki, suna sauraron inda murya za ta canza. Na tambaye shi. Ya ce yana aiki wani lokacin, amma shi ba ya fesa abin da ke kama wuta a kan injin da ya yi zafi, kuma tsagar da ke ƙasa ko baya feshin ba ya kai mata.

Sai ya ɗauko wata na'ura kamar kular abinci, ya jona ta da batirin motar. Aka kashe injin. Ya cire babban tiyon iska daga bakin akwatin filta, ya toshe bakin da wata roba mai rami a tsakiya, ya zura siririn tiyon na'urar. Wani mai take dafawa ya zama hayaƙi fari, ƙanshinsa kamar man shafawar jarirai, ta tura shi a hankali cikin hanyar iskar. Muka sunkuya mu huɗu a kan injin, shi da tocila a hannu, babu mai magana.

Da farko ba komai. Can sai ga wani siririn zare na hayaƙi yana tasowa daga ƙarƙashin babban tiyon, daidai wurin da yake da ninki-ninki kamar zugazugi. Ya sa yatsa ya lanƙwasa tiyon sama, sai tsagar ta buɗe baki, tsawon ɗan yatsa, a cikin ninkin, ta ƙasa, inda ko shekara ka yi kana leƙe ba za ka gani ba. Hayaƙi ya tuɗaɗo. Ni da kaina na sha goge wannan tiyon da tsumma in ina wanke injin.

Ina cikin salati sai ƙaramin yaron ya ce, "Oga, ga wani a baya." Can bayan manifol, kusa da jikin motar, wani hayaƙin na fita. Ƙaramin tiyo ne, bakinsa ya dare, kilif ɗinsa babu. Ogan ya haska ya ce, "Wannan sabon ciwo ne. Ranar da aka ɗaga manifol aka yi shi." Wato na je da ɓaraka ɗaya neman fulogi, na dawo da biyu. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ba ya sayar da kayan gyara, kuma na yaba da hakan, don wanda ke dubawa in shi ke sayarwa, kullum sai an samu abin canzawa. Ya cire tiyon ya ba ni in je Panteka. Na farkon da na kawo ya matsa shi sau biyu ya miƙo mini. "Baba, wannan ya bushe kamar ganda. Wata uku ba zai yi ba." Raina ya ɓaci, don rana ta take, amma na koma. A shago na huɗu na samu mai laushi, dubu 18. Na tambaye shi me zai hana a naɗe tsohon da salatif ko a shafa gam. Ya ce in a daji abin ya same ka, naɗe shi ka iso gida, amma zafin injin da motsinsa za su sake buɗe shi. Ƙaramin tiyon kuwa yanke bakin ya yi ya mayar, ya sa sabon kilif, bai karɓi ko sisi a kai ba. Ya wanke sensan iskar da feshinsa na musamman, ya hana yaron taɓa wayar da hannu, ya ce in canza filta don ƙurar hunturu ta cika ta.

Bayan ya ɗaura sai ya sake hayaƙin. Shiru. Sannan ya goge lambobin, muka hau titin zuwa Mando muka dawo, ni a sitiyari shi da allo a cinya. Da muka tsaya, silo na kwance kamar ruwan randa, lambobin uku da huɗu. Ya ce in dawo bayan mako ya sake dubawa kyauta. Na koma, suna nan inda suke.

To yanzu ga inda ban ji daɗi ba, don kada wani ya je ya ce Malam ya yaudare shi.

Jira. Ƙarfe takwas na isa, sai bayan azahar aka taɓa motata. Babu layi na gaskiya, wanda ya fi naci ko ya fi sabo shi ake fara yi wa. Benci ɗaya ne, rabinsa a rana. In kana da ɗaukar yara da rana kamar ni, sai ka nemi wanda zai riƙe maka. Waya kuwa kada ma ka wahalar da kanka, sau shida na kira kafin in je, bai ɗauka ba, bai kuma biyo kira ba.

Sai kuɗi. Dubu goma yake karɓa na dubawa, kafin ya jona komai, ko ka yi gyara a wurinsa ko kada ka yi. Wannan ban ƙi ba. Abin da ya ɓata mini rai, sai da aka gama ya ce hayaƙi kuɗinsa daban, dubu bakwai. Aikin ya ci kuɗinsa, amma a faɗa wa mutum tun farko. Na gaya masa haka, ya ce, "Ku yi haƙuri Baba, na ɗauka kun sani." Ina zan sani? Rasit ma babu, ni na ɗauki hoton allon da wayata, kuma ina ba kowa shawarar ya yi hakan.

Na uku, bakinsa. Ya san aiki, ya kuma san ya sani. Yadda yake kushe sauran makanikai bai yi mini ba, har da nawa, wanda a shekaru ya haife shi. Mutumin da ya shekara talatin yana gyara da kunne da hannu ba jahili ba ne, motocin ne suka canza masa. Na je na gaya wa makanikena maganar tiyon, ya yi jim ya ce, "Wallahi Malam kuskure ne, a yafe ni." Har gobe shi ke yi mini birki. Yaran garejin kuma sun bar mini tambarin baƙin mai a kujerar gaba, sai da uwargida ta sa omo. Layin in damina ta sauka sai mai tsautsayi, kuma ba ya taɓa motar dizal, ya ce ba fanninsa ba ne.

Maganar shan mai, kada a zuzuta. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 nake rubuta kowace lita a littafi, halin malanta. Lita arba'in da ke ƙare mini ranar Alhamis yanzu tana kai ni Juma'a da rana. Sauƙi ne, amma ba rabi ba kamar yadda wasu ke cika baki. Abin da na fi samu shi ne na daina addu'ar kada ta mutu duk in na hango danja.

Wani abu da ya ce kafin in tafi, wanda masu salatif ya kamata su ji: wutar cek in a tsaye take, kana iya lallaɓawa ka kai ta gareji. In ta fara ƙiftawa, silinda ce ke fashin wuta sosai, ɗanyen mai na sauka salansa, yana iya ƙona matatar hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi. Wannan a tsaya ake yi. Wanda ya liƙe tasa ba zai ga ƙiftawar ba.

Wa zan tura wurinsa? Duk mai motar fetur da wuta ta kama, ko silo ya lalace, musamman in an fara ce masa sayo wannan sayo wancan. Ka je da sassafe, kada ka bari a goge lambar ko a cire batir kafin ka je, ka tafi da jerin abin da aka canza, ka kuma tambayi kuɗin komai tun a bakin ƙofa. Mai neman gyaran ƙafa ko giya ko fenti, ba nan ba ne.

Bayan sati biyu na bi mai jakar nan in karɓi sensoshina na asali, tunda yanzu na san lafiyarsu ƙalau. Ya ce yara sun share shago. Tsohon famfon man dai na same shi, shi ma ba abin da ya same shi, yana nan naɗe a leda a ƙarƙashin kujerar baya.